Tallafin Karatu a Kwalejin Shekara Biyu ta Amurka: Wanne Za a Fara Bi, Wanne Za a Bari?

Wata Juma'a bayan an sallame a masallacinmu na Bronx, muna cikin turereniyar neman takalma, sai wani dattijo direban tasi, mutumin Maraɗi, ya riƙo hannuna ya miƙo mini wayarsa. "Malam, duba mini wannan don Allah. Yarinyar wajena ce ta shiga kwaleji, waɗannan sun ce in na biya su za su samo mata sikolashif." Shafi ne mai kyalli, da hotunan yara sanye da rigar kammala karatu, a ƙasa kuma wurin saka lambar katin banki. Na ce, "Alhaji, ta cike FAFSA?" Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Mece ce kuma fafsa?"

Ga mutum yana shirin biyan kuɗi don a nemo masa abin da ba shi da tabbas, alhali babban rabon 'yarsa yana ajiye a FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnati da ba a biyan ko sisi. Wannan ne ya sa na zauna na jera abin da ke kasuwar, yadda mutum zai taya kafin ya saya. Abin da ɗalibi ke biya a nan ba kuɗi ba ne, lokacinsa ne, kuma wanda ke aikin dare yana shiga aji da safe ya san tsadar awa guda.

Ga wanda bai san tsarin ba, kwalejin al'umma makaranta ce ta gwamnatin jiha ko ta ƙaramar hukuma, ta shekara biyu, wadda kusan duk mai takardar gama sakandare za ta karɓa. Ana gamawa da ƙaramin digiri, daga nan ko a kama aiki, ko a wuce jami'a a ƙarasa shekara biyun da suka rage. 'Yan'uwanmu da yawa ta nan suke shiga: Hostos da Bronx Community College da BMCC a New York, Guilford Tech a yankin Greensboro inda mutanen Nijar suke da yawa, Columbus State a Ohio. Alƙaluman da zan kawo na shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 ne.

Takardarka ce ke buɗe ƙofa

Kafin maganar maki ko hazaƙa, matsayin zamanka a ƙasar shi ke raba hanya. Ɗan ƙasa, da mai girin kad, da wanda aka amince masa da mafaka, duk suna da haƙƙin neman kuɗin gwamnatin tarayya. Wanda ya shigo da bizar ɗalibi ta F-1 ba shi da shi. Wanda ba shi da takardu ma haka, sai dai wasu jihohi suna da nasu tsari. A New York, dokar da aka sa wa sunan Sanata José Peralta a 2019 ta buɗe tallafin jiha ga irin waɗannan yara idan a jihar suka yi sakandare. Iyaye da yawa ba su san da wannan ba, sai su ce wa yaro ya haƙura ya nemi aiki.

Pell: wannan shi ne tuwon, sauran miya ne

Tallafin Pell kyauta ce daga gwamnatin tarayya, ba a biya, ba a gasa, ba a rubuta maƙala. Samun gidanku kawai ake dubawa. Iyakarsa dala 7,395 a shekara. A kwalejojin CUNY, wato na Jami'ar Birnin New York, mazaunin birnin mai cikakken karatu yana biyan dala 2,400 a zango, wato 4,800 a shekara. Ka ga ke nan wanda ya samu cikakken Pell ya biya makaranta har da rara. Idan kuma tallafin jihar New York da ake kira TAP ya ɗauke kuɗin makarantar, to mafi yawan Pell ɗin asusun ɗalibi yake dawowa, ya sayi littattafai, ya taimaka da haya. A California kuɗin kiredit ɗaya, wato ma'aunin nauyin darasi, dala 46 ne ga ɗan jiha, kuma masu ƙaramin ƙarfi ana yafe musu shi gaba ɗaya.

Ƙofar duk wannan ita ce FAFSA, wadda aka saba buɗewa ranar 1 ga Oktoba. Takardun harajin shekara biyu baya take dubawa. Wanda bai kai shekara 24 ba, ba shi da aure, ba shi da ɗan da yake ciyarwa, ana ɗaukarsa yana ƙarƙashin iyaye, don haka dole uba ko uwa su buɗe nasu asusu su ba da izini a ɗauko bayanan harajinsu. A nan ake yawan samun cikas a gidajenmu. Wani uban ba ya son yaro ya san abin da yake samu, wani kuma tsoron gwamnati yake ji. In ba a ba da izinin ba, fom ɗin ya tsaya cak. A cike da wuri kuma, domin akwai wani ƙaramin tallafi mai suna FSEOG, daga dala 100 zuwa 4,000, wanda kowace makaranta ke da ɗan kasonta, in ya ƙare ya ƙare.

Abu uku game da Pell da na so a ce an faɗa mini tun ranar farko.

Yana da iyaka: zango 12 na cikakken karatu a duk tsawon rayuwa. Duk zangon da ka ci a azuzuwan share fage na Turanci ko lissafi, daga cikin goma sha biyun nan ake cirewa. Wanda ya taso da Faransanci daga Yamai ko Damagaram zai iya cinye zango uku yana koyon Turanci, ya zo shekarar ƙarshe ta jami'a, lokacin da kuɗin ya fi tsada, ya tarar buhu ya yi ƙasa. CUNY tana da shirin koyon Turanci na CLIP, awa 25 a mako, da ake biyan kuɗi kaɗan daga aljihu ba tare da an taɓa Pell ba. Ni a ganina wannan ya fi, ko da zai jinkirta shiga kwalejin da 'yan watanni.

Na biyu, wanda ya riga ya yi digirin farko ba ya samun Pell, ko da a gida ya yi shi. Masu digirin Bayero ko na Zariya da suka zo suna son komawa karatun aikin jinya sukan sha mamaki a nan. Kada kuma a ɓoye, fom ɗin rantsuwa ne.

Na uku, shi na ɗanɗana da kaina. A zangona na uku aka yi mana rasuwa a gida, na yanki tikiti na tafi, na janye daga darussa a mako na shida ba tare da na leƙa ofishin tallafi ba. Na dawo na tarar da takardar bashi. Ƙa'idar ita ce wanda ya janye kafin ya cinye kashi 60 cikin ɗari na zango, sai a lissafa abin da bai ci ba a mayar wa gwamnati, makaranta kuma ta bi shi. Ba su bar ni na yi rajistar zango na gaba ba sai da na biya. Da na tsaya minti goma a ofishin nan kafin na wuce filin jirgi, da sun nuna mini yadda ake neman malami ya ɗaga wa mutum ƙafa ya ƙarasa aikin daga baya. Haka kuma akwai ma'aunin da ake bi kowane zango: yawanci makin da bai gaza 2.0 cikin 4.0 ba, da cin aƙalla kashi biyu cikin uku na darussan da aka ɗauka. Darasin da aka janye daga cikinsa yana shiga lissafi.

"Karatu kyauta" na jihohi: a duba ko ciko ne

Jihohi da dama suna tallar kwaleji kyauta. Tennessee ta fara da yaran da suka gama sakandare a 2015, da sharaɗin aikin sa-kai na awa 8 kowane zango. Michigan tana da shiri na manya 'yan shekara 25 zuwa sama. Massachusetts ta buɗe wa kowa a 2024. New York tana da Excelsior tun 2017.

Tambayar da za a yi ita ce: kuɗin nan a kan gaba yake zuwa, ko ciko ne? Mafi yawansu ciko ne. Ana fara zuba Pell da tallafin jiha a kan kuɗin makaranta, in akwai giɓi sai su cike. Ɗan talaka wanda Pell ya riga ya rufe masa komai, ba abin da zai gani daga irin wannan shiri. Wanda ke cin moriyarsa shi ne ɗan gidan da samunsu ya fi ƙarfin Pell amma bai kai su biya cikin sauƙi ba, misali uba direba uwa ma'aikaciyar jinya. Excelsior kuma tana da igiya a wuya: kiredit 30 a shekara, samun gida kada ya wuce dala 125,000, sannan bayan gamawa sai ka zauna a jihar adadin shekarun da ka ci tallafin, in ba haka ba ya koma bashi. Yarinyar da ake shirin kai ta gidan miji a Atlanta ko Houston, ko yaron da ke son komawa gida bayan karatu, su karanta wannan sharaɗi sau biyu.

Abin da na fi yabawa a New York ba sikolashif ba ne a suna. Shirin ASAP ne na CUNY, wanda aka fara a 2007: katin jirgin ƙasa da bas, taimakon littattafai, da mai ba da shawara guda wanda ya san sunanka kuma dole ka riƙa ganinsa. Binciken da cibiyar MDRC ta yi ya nuna kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun gama cikin shekara uku, a kan kashi 22 na waɗanda ba sa ciki. Sharaɗinsa cikakken karatu ne, wanda ba kowane mai iyali zai iya ba.

Na cikin gida: ƙanana ne, amma su ake samu

Kusan kowace kwaleji tana da gidauniyarta, inda tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar gari suke ajiye kuɗi da sunan iyayensu. Dala ɗari biyar, dala dubu, wani lokaci fiye. Yawanci fom ɗaya ake cikewa a shafin makaranta, shi zai jefa ka cikin duk waɗanda ka cancanta. Abokan takararka 'yan makarantarku ne kawai, kuma mafi yawansu ba sa nema. Gwada wannan da shafukan intanet masu cewa ka saka imel ɗinka ka shiga cacar dala dubu goma, inda kake gogayya da duk Amurka, abin da za ka samu tabbas kuwa shi ne tallace-tallace sun cika maka akwati. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga mai F-1 da mai digiri daga gida, wannan ce ƙofar da ta fi kusa, domin wasu daga cikin kuɗaɗen ba su da sharaɗin zama ɗan ƙasa. Sai an karanta ɗaya bayan ɗaya.

Phi Theta Kappa: a biya ko kada a biya?

Da zarar makinka ya kai wajen 3.5 bayan kiredit 12, wasiƙun gayyata za su fara shigowa daga ƙungiyoyin "karramawa" iri-iri, kowacce da kuɗin shiga. Wadda ke da tarihi a kwalejojin shekara biyu ita ce Phi Theta Kappa, tun 1918, kuma tana da reshe da malami mai kula da shi a cikin makarantar kanta. Wannan ita ce alamar da za a duba: in babu malamin da za ka iya ƙwanƙwasa wa ƙofa, a bar kuɗi a aljihu.

Kuɗin shigarta sau ɗaya ake biya. Tana da kyaututtukanta, kamar dala 1,000 ta Coca-Cola ga sababbin 'yan ƙungiya, da wata mafi girma ga mutum 20 da ake zaɓa a duk ƙasar. Amma ba don su zan ce a shiga ba. Ribar tana wajen wucewa jami'a, domin jami'o'i da yawa, musamman masu zaman kansu, suna rage wa 'yan ƙungiyar kuɗin makaranta kowace shekara. Wanda zai tsaya a shekara biyu ya kama aikin ɗaukar hoton asibiti ko gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ba lallai ba ne ya biya. Wanda zai wuce, ya biya, kuma ya fara tambaya ko makaranta tana ɗauke wa masu Pell kuɗin.

Babbar giwa: Jack Kent Cooke

Attajiri ne da ya taɓa mallakar ƙungiyar ƙwallon kwando ta Lakers, ya rasu a 1997 ya bar dukiyarsa ga gidauniyar ilimi. Tallafinta na masu wucewa jami'a yana kaiwa dala 55,000 a shekara, tsawon shekara biyu zuwa uku, har da masauki da littattafai. Ana son maki 3.5 zuwa sama, da shaidar buƙata, ana duba gidajen da samunsu bai wuce dala 95,000 ba, kuma ƙa'idarsu ita ce mai nema bai taɓa shiga jami'ar shekara huɗu ba. Ba su sa zama ɗan ƙasa a sharaɗi ba, abin da ya sa take da daraja ga namu. A 'yan shekarun nan masu nema sun haura dubu ɗaya da ɗari biyar, waɗanda ake ɗauka kuwa tsakanin 60 zuwa 100.

Shin ta cancanci wahalar? Ga mai maki 3.8 da ya taɓa yin wani abu a wajen aji, e. Neman yana cin makonni, maƙaloli da yawa, takardun shaida daga malamai, bayanan kuɗin iyaye. Amma ko ba a samu ba, rubutun da aka yi shi za a gyara a tura wa jami'o'i da sauran masu tallafi, don haka gumin bai zuba a banza ba. Ga mai maki 3.5 daidai wanda ke aiki awa 40 a mako, gara ya zuba wannan lokacin a fom ɗin gidauniyar makarantarsu da neman jami'ar jiha wadda ke da yarjejeniyar karɓar kiredit ɗinsa duka. Kiredit 15 da jami'a ta ƙi karɓa asarar zango guda ce, ta fi yawancin sikolashif ɗin da ake wahala a kansu tsada.

Game da maƙala, abu ɗaya na lura da yaranmu: kunya. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, sai yarinya ta rubuta shafi biyu a kan muhimmancin ilimi ga al'umma, ba ta ce komai a kan kanta ba. Na karanta rubutun wata da ta yi haka. Da na matsa mata da tambaya, ashe tun tana shekara 11 ita ke yi wa mahaifiyarta da maƙwabta tafinta a asibiti, daga Hausa zuwa Turanci, har ta taɓa tsayawa tana laluben yadda za ta faɗa wa wata tsohuwa cewa ƙodarta ta daina aiki. Ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba. Shi ne maƙalar. Malamin da zai rubuta maka shaida kuma, a ba shi aƙalla mako uku, a haɗa masa da takardar maki da abin da aka rubuta. Wanda bai taɓa zuwa ofishin malami ba duk zango, kada ya yi mamaki in shaidar ta fito salam babu gishiri.

Wurin aiki, da maganar bashi

Matanmu da yawa a New York suna aikin kula da tsofaffi a gida, wasu a ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta 1199SEIU, wadda ke da asusun horo da ke taimaka wa 'yan ƙungiya da kuɗin karatu. Amazon da Walmart ma suna da shirin biya wa ma'aikatansu, kuma doka ta yarda kamfani ya biya wa ma'aikaci har dala 5,250 a shekara ba tare da haraji ba. A tambayi abu biyu: waɗanne makarantu da fannoni suka amince da su, kuma me zai faru in an bar aikin a tsakiya.

Bashin gwamnati zai bayyana a takardar tallafin da makaranta ke turowa, a jere da kyauta kamar duk abu ɗaya ne. Ba dole ba ne a karɓa, ana iya danna ƙi. Bashin iri biyu ne. Mai rangwamen, dala 3,500 a shekarar farko da 4,500 a ta biyu, gwamnati ce ke ɗauke kuɗin ruwansa muddin ana karatu aƙalla rabin lokaci, da wata shida bayan an gama. Marar rangwamen kuwa ruwansa yana hawa tun ranar da aka ba da shi, kashi 6.39 cikin ɗari a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026. Hukuncinsa a addini na malamai ne, a kai musu bayanin yadda yake dalla-dalla su yi fatawa. Ta fuskar lissafi kawai, mai cikakken Pell a kwalejin shekara biyu da wuya ya buƙace shi.

Idan aka ci wani tallafi daga waje, a sanar da ofis, a kuma tambaye su me za su rage. Wasu makarantu sukan zare nasu kuɗin daidai abin da ka samo, ka tashi a tutar babu. Maryland ta taƙaita wannan a jami'o'in gwamnatinta tun 2017, wasu jihohi sun bi sahu. A roƙa su rage bashi, kada su taɓa kyauta. Kuɗin da ya tafi haya da abinci kuma ana iya lissafa shi cikin abin da ake biya wa haraji, saɓanin wanda ya tafi kuɗin makaranta da littattafai.

Masu karantawa daga gida

Na san wasu suna karanta wannan daga Kano ko Kumasi suna lissafi. Gaskiya ɗaya ce: kwalejin shekara biyu ba ta cika ɗauko ɗalibi daga waje a kan cikakken tallafi ba. Kafin ta ba ka takardar I-20, wadda ake neman bizar ɗalibi da ita, sai ka nuna kuɗin shekara guda a banki. A CUNY baƙo yana biyan dala 320 a kan kowane kiredit, kuma biza ta wajabta 12 a zango, wato dala 3,840 kafin a zo maganar ɗaki a New York. Aikin da aka yarda da shi na cikin makaranta ne, awa 20 a mako. Dokokin biza ma sun ƙara tsauri tun 2025. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya haɗa maka "cikakken sikolashif na kwaleji", to kai ne sikolashif ɗinsa. Ofisoshin EducationUSA na Abuja da Legas da Akara suna ba da shawara a kan makarantu, a fara da su.

Alhajin Maraɗi dai mun zauna da shi da yarinyar a ranar Lahadi, a teburin cin abincinsu, da takardun harajinsa a cikin wata jakar leda ta shagon magani. Abin da ya fi cin lokaci shi ne tuno kalmar sirrin imel ɗinsa, wadda wani yaron shago ya buɗe masa shekarun baya. Da muka zo wurin da zai ba da izini a ɗauko bayanan harajinsa, ya cire tabarau ya dube ta ya ce, "To, yau dai kin ga asirina." Ta ce, "Baba, ai ni nake karanta maka wasiƙun tun ina aji shida."